Yadda ake ɗaukar hoton zallar launi da kyamara, daga shanyar tattasai zuwa bakin marina

Tun ranar da na wanke wani hoto na rataye a shagona ban huta da tambaya ba. Hoton ja ne jawur, da wani ratsin ruwan ɗorawa yana gangarowa ta gefe kamar an tsiyaya manja a kan garwashi. Duk wanda ya shigo ɗaukar fasfo sai ya tsaya, ya karkata kai, ya ce fenti ne ko aikin kwamfuta? Ko ɗaya. Tattasai ne da aka shanya a bayan garinmu, na ɗauka da tsohuwar kyamarar da nake zuwa biki da suna da ita. Masu sana'a suna kiran irin wannan hoto abstirak. Ni ina ce masa hoton zallar launi, domin abin da aka ɗauka ya ɓace, launi da ratsi da haske kawai suka rage. Tun da amsa ɗaya nake ta maimaitawa, ga ta nan daki-daki, bisa tsarin da nake bi in na fita.

1. Haɗa kayan aiki

Kyamarar da ke hannunka ta isa, muddin akwai M (inda kai ke saita komai da hannu), da S ko Tv (inda kake zaɓar saurin shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga), a kan maɓallin juyawa na sama. Ni da Canon 600D nake aiki, abokina da Nikon D3200, duk na hannu muka saya, da ƙaramin lensin 18-55mm da suke zuwa da shi. Kada wani ya ruɗe ka cewa sai sabuwa.

Abin da ba makawa shi ne katin memori, batir biyu, famfon roba na hure ƙura, da ƙyallen goge lensi. Batir na biyun ba ado ba ne. A ƙauye wuta sai ta ga dama, aikin nan kuma yana shan caji, domin bayan kowace ɗauka sai ka duba allo. Ni a wurin mai cajin waya da sola nake cika nawa tun da dare.

In hali ya yi, ƙara filtar ND, wato baƙin gilashin da ake ɗaurawa a bakin lensi don rage haske. ND8 tana rage shi ninki 8, ND64 kuma ninki 64. Kafin ka saya, duba lambar da ke gaban lensinka kusa da alamar ø. Lensin 18-55 na Canon 58mm ne, na Nikon 52mm ko 55mm. In ka sayo wadda ba girmansa ba, ka yi asarar kuɗin mota. Sai bututun ƙari, wanda ake sawa tsakanin kyamara da lensi don ɗaukar abu dab da dab.

Maganar kuɗi kuwa, kayan kyamara dala suke bi, abin da aka taya maka yau ba shi za ka tarar wata mai zuwa ba. Amma tsarin bai canza: famfo da ƙyalle su ne mafi araha, sai kati, sai filta da bututu da batir. Duk ka haɗa su ba su kai kuɗin lensin makro (na ɗaukar ƙananan abubuwa dab da dab) guda ɗaya ba, don haka bar maganar makro sai ka ga aikin ya shige ka. In ka shiga Kano saye, zagaya shago uku kafin ka zaro kuɗi.

Hattara da katin jabu. Na taɓa sayen wani mai rubutun 64GB a jiki, da araha har ina murna. Na yini a fadama ina ɗauka, na dawo gida fiye da rabin hotunan suka ƙi buɗewa. Yanzu duk katin da na saya sai na cika shi da bidiyo tukuna, in kunna na ƙarshe in ga yana yi, sannan in goge shi ta cikin kyamara.

2. Zaɓi launi tun kana gida

Kuskuren farko shi ne rataya kyamara a wuya a yi ta harbin duk abin da ya burge ido. Fita da launi ɗaya a ranka, ko biyu. Lokacin shekara shi zai faɗa maka wanne. Da rani, wajen Kadawa da Kwanar Gafan, ja ne ke sarauta: kwandunan tumatir, kauɗar da aka yanka aka baza, tattasai da attaruhu. Da kaka, a ƙauyukan Jigawa, ga zoɓo da jansa mai duhu kamar jinin da ya kwana, ga farin riɗi, ga zangarniyar dawa. Da damina koren shinkafa ya ishe ka. Akwai kuma waɗanda ba su da lokaci: shuɗin marina a Kura, rumfar 'yan atamfa ranar Juma'a a Wudil ko ranar Alhamis a Maigatari, butocin roba masu ratsi, tsatsar tsohon kwanon rufi, ƙofar shagon da aka yi wa fenti sau uku kowanne yana leƙowa ta ƙarƙashin ɗan'uwansa.

In ka tsaya a gaban abu, runtse ido har siffarsa ta dushe. In launin yana jan ka har a haka, to wurin ya yi. In sai ka buɗe ido ka gane mene ne sannan yake da kyau, wannan hoton wani ne daban, ba namu na yau ba.

Launukan da suke gaba da juna su suka fi tashi in an haɗa: shuɗi da ruwan goro, ja da kore, shunayya da rawaya. Amma kada ka raba musu fili daidai wa daida. Bar ɗaya ya cinye kusan duka, ɗayan ya zama ɗan baƙo a gefe. Da zarar launi ya wuce uku a hoto ɗaya, ya koma tarin gwanjo.

3. Nemi izini kafin ka ɗaga kyamara

Shanya tana da mai ita, rami yana da mai shi. Ranar farko da na je marina na yi sallama, na durƙusa na gaishe da dattijon da ke bakin rami, na ce, "Baba, in ba damuwa, kumfar nan ta saman ramin nake so in ɗauka." Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kumfa? Ba ni ba?" Na ce kumfa. Ya ce, "Ɗauki, ɗana, amma kauce wa shanyata." Kumfar baba, wato shunin da ake rini da shi, tana da wani ƙyalli tsakanin shunayya da jan ƙarfe, in rana ta buge ta ta gefe sai ka ce bayan ƙwaro. Da na gama na miƙa masa allon. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To ina ramin?" Ya kira yaronsa ya zo ya gani, suna ta dariya. Dattijon ne ma ya ce in jira a tsamo ƙyalle, domin kore-kore yake fitowa daga ramin, sai ya sha iska yake rikiɗa shuɗi a gaban idonka.

Nuna wa mutane abin da ka ɗauka, yana kashe zargi nan take. A babbar kasuwa fara da sarkin kasuwa ko shugaban layin, a baƙon ƙauye kuma mai unguwa. Kada ka juya lensi wajen matan mutane ko da atamfar jikinsu ce ta ja ka, kuma mayar da kyamara jaka in ka kusa shingen jami'an tsaro. Yara za su yanyame ka, wannan babu magani. Ba babban cikinsu faifai ko kwali ya riƙe maka inuwa, sauran sai su natsu su zama 'yan kallo.

4. Jira hasken da ya dace

Daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar sakaliya zuwa faɗuwarta. A nan haske yake zuwa ta gefe, ya fito da kaushin abu, launi ya yi nauyi. Rana tsaka tana wanke launi, tana kuma sa tattasai da roba ƙyallin da ke fitowa fari fat a hoto. In dole ce ta sa ka ɗauka a lokacin, shiga inuwar darbejiya ko ta rumfa, amma inuwa cikakkiya, ba mai ɗigon rana ba.

Abu mai barin haske ya ratsa shi, kamar ganyen shinkafa, furen zoɓo ko mayafin da aka shanya, zagaya ka sa rana a bayansa. Sai ya kama kamar an kunna masa fitila a ciki. Amma kada ka saita lensi a kan ƙwayar rana kanta, musamman kana leƙe ta madubin ido. Idonka da cikin kyamarar duk suna iya cutuwa.

Hazon hunturu yana tausasa haske kyauta, sai dai yana kashe launin abin da ke nesa, don haka a lokacin matsa kusa. Mafi kyawun launi da na sani shi ne bayan an ɗauke ruwa, gari a lumshe, ƙura ta wanke daga jikin komai.

5. Saita kyamara, bi da bi

Yi wannan kafin ka fara, kana tsaye a inuwa. Da farko fita daga Auto, domin a can kyamara ce ke yanke hukunci, kuma za ta ɗaga filasha ta ɓata maka launi. Na biyu, sa ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, a 100, ka kashe ISO mai canza kansa.

Na uku, kuma nan yawanci ake faɗuwa, shi ne WB, wato saitin da ke daidaita launin haske. In ka bar shi a Auto ka cika hoto da ja, kyamara za ta ɗauka haske ne ya yi ja da yawa, ta yi ƙoƙarin gyarawa, sai tattasanka ya fito a koɗe. Sa shi a alamar rana, ka bar shi nan. Daga baya, in hannunka ya faɗa, yi wasa da shi da gangan: alamar inuwa tana ƙara ɗumin rawaya, alamar ƙwan fitila kuma tana mayar da hasken rana shuɗi, wanda yake dacewa da ruwa da kwanon rufi.

Na huɗu, salon launi. A Canon sunansa Picture Style, a Nikon Picture Control. Bar shi a Standard, ko Neutral in ja ya yi yawa a gabanka. Vivid na Nikon yana da daɗin kallo a allo, amma da shi ja yake saurin ƙonewa.

Na biyar, ingancin hoto. In kana da kwamfuta, ɗauki RAW (ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba) da JPEG (wanda ta gyara ta matse) tare. RAW ɗaya yana cin megabait 20 ko fiye, amma yana barin ka canza WB daga baya ba tare da asara ba, kuma manhajar buɗe shi kyauta ce daga kamfanin, Digital Photo Professional ta Canon da NX Studio ta Nikon. In da waya kawai za ka yi gyara, JPEG mafi girma ya ishe ka, sai dai ka kula sosai da mataki na 9.

Na ƙarshe, san inda maɓallin AF da MF yake: a AF kyamara ce ke yin fokas, wato kama abu ya fito tas, a MF kuma kai ne da hannunka. A kan abu mai launi ɗaya sumul, kyamara tana rasa abin kamawa, lensi ya yi ta kai da komo, ta ƙi ɗauka. Ba lalacewa ta yi ba. Mayar da shi MF ka juya zoben gaba da hannunka.

6. Hanya ta farko: matsa har abu ya ɓace

Wannan ta fi sauƙi, da ita za ka fara. Sa kyamara a Av ko A, inda kake zaɓar lambar f, wato girman ƙofar haske (ƙaramar lamba ƙofa a buɗe, babba a tsuke), zuƙo lensi zuwa 55mm, ka matsa. Ƙaramin lensin nan yana iya kamawa daga kusan santimita 25 zuwa 30, in ka wuce haka sai dishi-dishi. Abin da kake nema shi ne kada bakin abu ya shigo. In gefen faifai ya fito, kowa ya san faifai ne. In saƙar kawai ta cika hoton, ja da kore suna hawa kan juna, ka samu. Zagaya idonka kusurwa huɗu kafin ka danna, domin ƙasa, yatsan ƙafa da kashin awaki ta nan suke shigowa.

Ga abu shimfiɗaɗɗe kamar ƙofar ƙarfe ko bango, tsaya daidai gabansa, ka sa f/8 don ko'ina ya fito tas. Ga tarin barkono ko zare, buɗe zuwa f/5.6, ka kama wuri ɗaya ƙanƙane, sauran su narke. Lura da saurin shota: in ya sauka ƙasa da 1/100 hannu zai rawa, sai ka ɗaga ISO zuwa 400.

In kana da bututun ƙari, ɗaura shi tun a ɗaki. Da shi ƙwayar zoɓo ɗaya tana iya cika hoto. A nan zoben fokas ba ya taimaka sosai, jikinka za ka riƙa kai wa gaba da baya kaɗan-kaɗan har wurin ya fito, ka riƙe numfashi, ka danna. Sayi mai wayoyin lantarki a ciki. Maras su yana hana kyamara sarrafa ƙofar haske: lensin Canon ya tsaya a buɗe, ƙaramin na Nikon kuma ya tsuke har ka kasa gani.

7. Hanya ta biyu: motsa kyamara tana cikin ɗauka

Da wannan na ɗauki hoton shagona. Duk abin da aka koya mana na tsayar da hannu, a nan akasinsa ake yi.

Juya zuwa Tv ko S, sa shota a 1/4 na daƙiƙa. Kashe mai hana rawa, IS a Canon, VR a Nikon, domin zai yi ta kokawa da motsinka. Naɗa igiyar kyamara a wuyan hannu sau biyu. Sai ka taɓa maɓalli rabi ka dubi lambar f. In tana ƙiftawa, ko kyamara ta rubuta Hi, haske ya yi yawa, hoton zai fito fari. Lissafin a bayyane yake: a tsakar rana, da ISO 100 da f/22, kyamara tana son kusan 1/50. Filtar ND8 tana sauko da shi wajen 1/6, ND64 kuma ta kai shi sama da daƙiƙa ɗaya. In ba ka da filta, kada ka damu, shiga inuwa mai duhu ko ka jira rana ta kusa faɗuwa. Ni na fi shekara ina yi ba filta.

Yanzu motsin. Fara tafiyar da kyamara kafin ka danna, ka ci gaba bayan ka ji ta rufe. Wanda ya danna sannan ya fara motsi zai samu siffar abin a daskare da jela a bayanta, kamar hoton da aka yi kuskure. Juya daga ƙugu, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, ba daga wuyan hannu ba. Bi layin abin da ke gabanka. Karan dawa a tsaye, jerin itatuwa da atamfar da aka rataye suna son sama zuwa ƙasa. Shanya, kunyoyin gona da fadamar shinkafa suna son hagu zuwa dama. In ka gitta layin, launukan suna cakuɗewa su koma ruwan ƙasa.

Ranar tattasan, na tsaya a bakin shanyar bayan la'asar, na karkatar da kyamara ƙasa, na share daga hagu zuwa dama kamar mai sheƙar hatsi. Ratsin rawayan nan da ake tambaya, wasu 'yan tattasai ne da ba su nuna ba, mai shanyar ya ware su gefe. Na ɗauki fiye da 60, uku na ajiye. Haka abin yake, kada ka karaya a na goma.

In ratsin ya yi gajere, har ana gane abin, rage zuwa 1/2 ko ka ƙara saurin hannu. In komai ya dame ya zama kunu, koma 1/8 ko 1/15. Canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba. In wannan ya zauna, gwada murɗa kyamarar kamar sitiyari, ko ka riƙe ta cik ka juya zum daga 18 zuwa 55 tana cikin ɗauka, sai launi ya fashe daga tsakiya.

Kada sararin sama ya shigo. Ya fi komai haske, in ya shiga sai ya shafe launin da farin hazo.

Ga kuma masifar f/22: duk ƙurar da ke cikin kyamara a nan take bayyana. Wani hunturu na canza lensi a bakin hanya, iska na kaɗawa. Duk hotunan ranar suka fito da baƙaƙen ɗigo a wuri ɗaya, kamar kashin ƙuda a jikin madubi. Canza lensi a ɗaki, bakin kyamara yana kallon ƙasa, ka hure da famfo. Ban da hurawa da baki, ban da gefen riga, ban da auduga.

Da dare aikin ya fi sauƙi, ba ruwanka da filta. Teburin mai shayi, wutar mai tsire da fitilun babura sun isa. Sa M, daƙiƙa 1, f/8, ISO 100, ka zana da kyamarar yadda ka ga dama. Ko ka tsaya cik, ka buɗe ƙofar haske iyakarta, ka kauce fokas da gangan, fitilun su zama ƙwallaye masu launi.

8. Hanya ta uku: ruwa

Nemi ruwan da abu mai launi yake leƙawa: kanal ɗin noman rani, kududdufi da damina, bakin kogi inda ake ɗaure kwale-kwale. Abin da rana ta haska ya kasance a ƙetare, ruwan kuma a inuwa, a nan inuwar launin take fitowa sosai. Cire gaɓa daga hoton, ruwa zalla. Sa 1/250 ko 1/500, ka jefa ɗan tsakuwa, ka jira zoben farko ya wuce, sannan ka ɗauka da yawa a jere. Inuwar koren bangon masallaci a ruwan tana komawa kamar saƙar zare. Tsaya a busasshiyar gaɓa. Bakin kanal yana da santsi, shiga irin wannan ruwa kuma shi ke kawo tsargiya.

Akwai wanda ake yi a tsakar gida. Samo kwanon gilashi mai shimfiɗaɗɗen gindi maras rubutu, ɗora gefensa biyu a kan bulo ko gwangwani, ya tashi kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. Shimfiɗa atamfa mai launi a ƙarƙashi, inda haske ke samunta. Zuba ruwa, ɗiga sabulun ruwa ɗigo ɗaya, sannan man gyaɗa cokali ɗaya. Motsa da tsinken tsintsiya, ka jira ya lafa. Kowane ƙwallon mai zai ɗauko launin atamfar ya lanƙwasa shi. Tsaya a sama, lensi yana kallon ƙasa sak, MF, f/5.6, fokas a kan saman ruwan ba a kan atamfar ba. In kana da ƙafar kyamara mai uku, nan ne amfaninta. Janye atamfar kaɗan, hoto ya canza gaba ɗaya. Sabulun in ya wuce ɗigo ɗaya sai kumfa ta ɓata komai. Man kuma ka tambayi uwargida kafin ka ɗiba, ni sai da na sha faɗa a kan man miya.

9. Duba kafin ka bar wurin

Allo maƙaryaci ne a cikin rana. Buɗe hoton, ka nemo histogiram, wato zanen tuddai da ke nuna yawan haske daga duhu a hagu zuwa fari a dama, mai launi uku, ja da kore da shuɗi. A Canon danna INFO ko DISP har ya fito, a Nikon sai ka kunna shi a menu na kallon hoto. In tudun ja ya jingina da bangon dama, ja ya ƙone, wato tattasai ya zama faci ɗaya ba kaushi ba lanƙwasa, kuma a JPEG babu manhajar da za ta dawo da shi. Danna maɓallin +/- ka rage zuwa -2/3, ka sake ɗauka. A bakin ramin baba ko tarin zoɓo, kyamara tana ganin duhu ta ƙara haske, shuɗi mai nauyi ya koma ruwan bula. Nan rage har -1. In kana M, ƙara saurin shota ko ka tsuke ƙofar haske.

Kada ka yi ta gogewa a wurin. Yana cin batir, kuma wanda ka raina a ƙaramin allo sau da yawa shi ne gwanin.

10. Tacewa da gyara

Kwashe hotunan zuwa kwamfuta, ko zuwa waya da ɗan abin karanta kati mai shiga ramin caji. Bar su su kwana, ka duba da safe da sabon ido. Gwajina shi ne ƙanena ɗan firamare. In na nuna masa ya ce "barkono ne" kafin in rufe baki, hoton bai kai ba, sai in yanke shi in ƙara matsewa. In ya yi shiru yana juya wayar, ya yi.

A Snapseed, manhajar gyaran hoto ta waya, ko abin da kake da shi, fara da yanka, sannan juyawa. Hoton nan ba shi da sama ba shi da ƙasa, gwada shi ta fuska huɗu. Sai ka goge ɗigon ƙura da Healing, wato abin share tabo na cikin manhajar, ka ɗan ƙara bambancin haske da duhu. Ƙarfin launi shi ne na ƙarshe, kuma da ƙyar za ka taɓa shi. Nan ne 'yan koyo ke zarcewa har ja ya koma na robar shan ruwa. In ka ƙara, ajiye wayar ka sha ruwa, ka dawo ka rage rabi. Adana gyararren da sabon suna, asalin ya zauna yadda yake.

11. Kai wa masu wanki

Kada ka tura hoton ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse shi, ratsin launi mai santsi ya fito da gaɓa-gaɓa. Tura shi a matsayin Document, ko ka kai a filash. Don girman inci 8 da 12 kana son aƙalla fiksel 2400 da 3600, don haka duba abin da ya rage bayan yanka.

Faɗa wa mai injin tun kafin ya taɓa, "Malam, don Allah kada a gyara min kala." Hannunsu ya saba da fuskar amare, in suka ga ja ya cika allo sai su rage shi da kyakkyawar niyya. Fara da ƙarami, inci 5 da 7, ka fita da shi waje ka duba a hasken rana. Takarda ba ta da fitila a bayanta kamar waya, saboda haka yawanci tana fitowa da ɗan duhu. In haka ne, ƙara haske kaɗan kafin a buga babban. Takarda mai sheƙi ta fi fito da ja da shuɗi, maras sheƙi kuma ta fi dacewa da tsatsa da bangon ƙasa. In ka sa a firam, rataye shi a bangon da rana ba ta bugawa, domin na farkon da na rataye kusa da taga bai cika shekara ba jansa ya koma ruwan hoda.